Sabon Zubin Windows a Tasawa da Mayahi: Wa Ke Fara Ɗanɗana Shi?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, bayan shekara goma da fitowarta. Kashegari kwamfutar da ke shagon buga takardu a Tasawa ta tashi kamar yadda ta saba, ta ofishin ƙaramar hukuma a Kanambakashe ma haka. Babu allon da ya yi duhu, babu takardar da ta ɓace. Abin da kawai ya sauya shi ne, duk ɓarakar da aka gano a jikin manhajar daga wannan rana, ba mai ɗinke ta sai ga wanda ya shiga wani shiri na musamman. Irin wannan sauyi da ido ba ya gani shi ya fi wuyar bayani ga mai amfani da na'ura, shi ya sa kuma ya cancanci nazari.

Windows babbar manhaja ce, wato wadda ke riƙe da sauran. Ita ke haɗa madannai da allo da firinta da rumbun ajiya, a kanta Word da Excel da burauza suke zaune. Sauya zubinta kamar sauya harsashin ɗaki ne alhali mutane na ciki da kayansu. A Turai da Amurka, masu fara hawa sabon zubi galibi masu sha'awa ne da suka zaɓi yin haka da kansu, suna da wata na'urar a gefe in wannan ta ƙi. A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi a Nijar lamarin daban yake, kuma bambancin ya fara ne daga wurin da kwamfutar take.

Ƙidayar 2012 ta nuna kowace daga gundumomin biyu tana da mutum fiye da rabin miliyan. Kwamfuta ba kayan gida ba ce ga mafi yawansu. Tana shagon da ake buga takardar neman aiki da katin ɗaurin aure, tana ofishin ƙaramar hukuma, da asibitin gunduma, da ofishin sifetan makarantu, da gidan rediyon karkara, da hannun ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da jakar ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi in ya zo hutu. Na'ura ɗaya tana yi wa ɗaruruwan mutane aiki. Idan ta kwanta kwana uku, wanda ya taso daga Urafan ko Isawan domin takarda guda sai ya koma hannu rabbana, ya sake biyan kuɗin mota wani makon. Saboda haka wanda ke ɗaukar asarar gwajin sabon zubi a nan sau da yawa mutum ne da bai taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba.

Domin a gane halin da ake ciki yau, dole a koma 2015. Ranar 29 ga Yuli na wannan shekara Windows 10 ta fito, kamfanin ya ba masu halastacciyar Windows 7 da 8.1 shekara guda su hau kyauta. Kyautar tana da nauyi: kimanin giga uku ake saukewa. Lissafi ne mai sauƙi. A kan layin da ke ba da megabit ɗaya a daƙiƙa, giga uku na cin kusan awa bakwai, in layin bai yanke ba ko sau ɗaya. Wanda ke shiga intanet da layin salula, yana sayen mega da ƙididdiga daga Airtel ko Moov ko Orange, wadda daga baya ta koma Zamani, ya san abin da wannan ke nufi ga aljihunsa. A farkon 2016 kamfanin ya mayar da sabon zubin cikin jerin gyare-gyaren da na'ura ke iya saukewa da kanta, sannan a watan Mayu aka yi ta kuka a duniya cewa ko mutum ya rufe akwatin tayin, na'urar tana ɗaukar hakan a matsayin yarda. A wannan shekarar ma'aikatan kare namun daji na Chinko, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, sun fito fili sun koka cewa saukewar ta cinye musu datar tauraron ɗan adam mai tsada da suke dogara da ita a daji. Kamfanin ya sassauta daga baya, amma darasin ya riga ya zauna a zukatan masu sayen data da awo: kwamfuta tana shan mega a ɓoye, maganinta a toshe mata hanya.

Daga nan aka gaji al'adar da har yau take da ƙarfi. Mai gyara in ya gama ɗora Windows, cikin abubuwan farko da yake yi akwai kashe sashen sabuntawa, kuma mai na'ura gode masa yake. Ba na ganin wauta a wannan. Mutumin da aka taɓa cinye wa kuɗin mako a dare ɗaya yana da hujja. Illar ita ce an rufe ƙofa ɗaya da abu biyu ke shigowa ta cikinta, manyan sauye-sauye masu nauyi da ƙananan gyare-gyaren tsaro. Akwai hanya ta tsakiya a cikin Windows 10 kanta, inda ake shaida wa na'ura cewa wannan layi na awo ne, sai ta rage abin da take saukewa. Kaɗan ne ake nuna wa wannan, domin kashewa gaba ɗaya ya fi sauri, kuma ba ya dawo da mai na'ura shago da ƙorafi.

Bayan data sai wuta. Sauya zubi aiki ne da ba ya son yankewa. Akwai lokacin da na'ura ta riga ta kwance tsohon gini ba ta gama ɗaura sabo ba, a nan take rubuta gargaɗin kada a kashe ta. Wutar da NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, ke ba wannan yanki tana da alaƙa da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, maƙwabciyar Tasawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar a farkon Agusta, ba a ɗage takunkumin ECOWAS ba sai ranar 24 ga Fabrairu 2024. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga Najeriya yake zuwa. Ko a kwanakin lafiya, kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Ƙauyukan Gulbin Kaba da suke da na'ura suna jingine ne da faifan hasken rana ko janareta. A haɗa wannan da cewa kwamfutar hannu ta gwanjo kan zo da batirin da ya gaji, wanda ba ya riƙe wuta sai ɗan lokaci. A ƙara da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ta toshe fankar ciki, alhali sabuntawa tana sa ƙwaƙwalwar na'ura aiki iya ƙarfinta na awa ɗaya ko fiye. Na'urar da ta yi zafi kashe kanta take yi domin kada ta ƙone, ba ruwanta da inda aikin ya kai.

Waɗannan dalilai ne suka sa abin da kamfani ke kira sabuntawa ba shi ne ke faruwa a Tasawa da Mayahi ba. Abin da ake yi shi ne fomatin: a share na'ura tas, a ɗora wata Windows daga ɗan makullin ajiya da ake kira kile, ƴan Najeriya kuma su ce filas. Hikimar a fili take. An sauke manhajar sau ɗaya, a Maraɗi ko Damagaram ko Kano, ta yi wa na'ura hamsin aiki. Fomatin ya fi sauri, kuma yana kawar da tarkacen da ya taru. Sai dai ya mayar da yanke shawara hannun mutum ɗaya. Zubin da ke kilen mai gyara shi ne zubin gari. Shi ne mai fara ɗanɗanawa na gaskiya, amma a kan na'urorin mutane yake koyo, kuma mai na'ura yakan kawo ta ne saboda wata matsala dabam, ta yi nauyi ko ta ƙi tashi, ya karɓe ta da sabuwar fuskar da bai roƙa ba.

A nan ne asara mafi ciwo take aukuwa. Wanda ya hau sabon zubi ta hanyar da aka tsara yana da damar komawa tsohon cikin kwana goma, domin na'ura tana ajiye tsohuwar manhajar a gefe. A 2015 wata guda ne ma, aka rage a 2016. Fomatin ba shi da wannan ƙofa. Duk abin da ke sashen C na rumbun ajiya ya tafi, a can kuwa fuskar allo take, inda yawancin mutane ke zube takardunsu domin su riƙa ganin su. Na taɓa rasa rubutun wata biyu ta wannan hanya a hannun wani mai gyara da ya tambaye ni ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, na ce yana kan allo, shi kuma ya fahimci cewa na riga na kwashe. Tambaya ɗaya ce ba mu yi wa juna da kyau ba. Ni rubutuna ne kawai. A ofis kuwa jerin sunayen ɗalibai ne, ko lissafin magani, ko rajistar shekaru. Ko hanyar da aka tsara ba ta tsira daga wannan ba: a Oktoba 2018 kamfanin ya janye wani babban gyaran Windows 10 kwanaki kaɗan bayan fitarsa, saboda ya share wa wasu mutane takardunsu.

Akwai kuma ƙananan matsaloli da zaman kan iyaka ya haifar. Ofisoshin Nijar da madannai na tsarin Faransa suke aiki, waɗanda layinsu ya fara da AZERTY. Na'urar da ta biyo ta Kano da Katsina ta shigo ta Jibiya da Ɗan Isa takan zo da QWERTY, da Windows ta Ingilishi. Idan aka ɗora zubi ba a daidaita wannan ba, sakatare ya danna A sai Q ta fito, lambobi da alamomin Faransanci su sauya wuri, kalmar sirri ta ƙi shiga. Gyaran minti biyu ne ga wanda ya sani, yini guda ga wanda bai sani ba. Firinta ma haka. Kowace tana buƙatar ƴar manhajarta da ake kira direba, kuma tsohuwar firinta ko na'urar ɗaukar hoton takarda da kamfaninta ya daina yi mata sabon direba tana iya zama gunki bayan an sauya zubi, alhali lafiyarta lau. Ga mai shago, firinta ita ce kasuwar, kwamfuta mai yi mata hidima ce.

Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, ta zo da wani shinge sabo. A da, tsohuwar na'ura takan karɓi sabon zubi ko da tana ja da ƙyar. Wannan karon an gindaya sharuɗɗa: ram giga 4, rumbun ajiya giga 64, ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar da ba ta gaza zuriya ta takwas ba a kayan Intel, wato na wajen 2017 zuwa 2018. Na'urorin da suka cika kasuwar gwanjo, irin su HP EliteBook 840 G3, da Dell Latitude E6420, da ThinkPad T450, duk suna ƙasa da wannan layi. Ƙarfe ne masu ƙwari da aka ƙera wa kamfanoni, suna iya ƙara shekaru suna aiki, musamman in an sauya musu tsohon faifai mai juyawa da SSD. Amma a takarda an rufe musu ƙofa.

Masu gyara sun san hanyar zagayawa. Wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus tana shirya kile ta cire binciken sharuɗɗan, Windows 11 ta hau tsohuwar na'ura ta yi aiki. Mai saye ya ga sabuwar fuska da maɓallin farawa a tsakiya, ya ɗauka sabuwar na'ura ya samu. Kamfanin ya faɗa a fili cewa irin wannan na'ura ba ta da tabbacin samun gyare-gyare, kuma zubin 24H2 na 2024 ya nuna inda aka dosa, domin na'urori masu ƙwaƙwalwar Core 2 Duo ba sa ma tashi da shi. A ganina zagayawar ba laifi ba ce in mai na'ura ya san abin da aka yi masa. Laifin yana wurin sayar da tsohon doki da sabon sirdi ba tare da an faɗi shekarunsa ba.

Abin da ya fi damuna a Windows 11 shi ne batun asusu. Tana neman intanet da asusun Microsoft tun wajen ɗorawa. Mai na'ura ba shi da imel, ko yana da shi ya manta kalmar sirri, sai mai gyara ya buɗe wani nan take ko ya sa nasa. Tun daga 24H2, na'urori da yawa da aka yi wa sabon ɗori da asusu suna kulle rumbun ajiyarsu da kansu, mabuɗin gaggawa mai lamba 48 kuma ya tafi cikin wannan asusu. Tsari ne mai kyau ga wanda aka sace wa na'ura. Amma ranar da wani abu ya motsa a ciki ta nemi mabuɗin, idan mai gyaran ya koma Yamai ko ya manta asusun, takardun suna nan a ciki kuma ba mai iya karanta su.

To, a zauna kan tsohon zubi ke nan? Mutane da yawa haka suka zaɓa, har yau akwai shagunan da Windows 7 ke riƙe da su, ita da aka daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020. Ga na'urar da ba ta taɓa shiga intanet, aikinta rubutu da bugawa, wannan zaɓi yana da ma'ana. Kuɗin zaman yakan zo ne ta wata kusurwa. Chrome ta tsaya a zubi na 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023, shafuka kuwa suna ci gaba da sauyawa, sannu a hankali wasu su daina buɗewa daidai. Ayyukan hukuma suna ƙaura zuwa burauza. Bayanan kiwon lafiya na Nijar, alal misali, ta manhajar DHIS2 ake tattara su, wadda ta intanet ake shiga. Ga kuma ƙwayar cutar da kowane mai shago ya sani, birus ɗin rakursi, mai ɓoye takardun kile ya bar gumakan ƙarya a madadinsu. Ba ya buƙatar intanet, daga kile zuwa kile yake yawo, shagon buga takardu kuwa shi ne mahaɗarsa. Tun daga Windows 8 akwai mai gadi a cikin manhajar kanta, amma sai yana samun sabon bayani yake gane sabon ɓarawo, hanyar bayanin kuwa ita ce aka toshe tun ranar fomatin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a Mayu 2017 cutar WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, ta wata ɓaraka da aka riga aka fitar da gyaranta wata biyu kafin nan.

Ga masu Windows 10 Microsoft ya ba da ƙarin wa'adin gyare-gyaren tsaro na shekara guda, kan dalar Amurka 30, kusan jika 17 na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42. Ana iya samun sa ba da kuɗi ba in mutum ya ɗaure na'urarsa da asusun Microsoft ya yarda a ajiye saitinta a can, amma sai Windows ɗin halastacciya ce kuma ta kai zubin 22H2. Na'urar da aka kashe wa sabuntawa shekaru da suka wuce ba ta kai nan ba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun sami sassauci a kan waɗannan sharuɗɗa bayan ƙungiyoyin kare masu saye sun matsa lamba. Mai shago a Maijirgi ba shi da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsa.

Ana yawan kawo Linux a matsayin mafita, kuma akwai gaskiya a ciki. Ubuntu da Linux Mint kyauta ne, zubinsu mai dogon zango yana samun gyara shekara biyar, suna tafiya da sauƙi a kan na'urorin da Windows 11 ta ƙi, birus ɗin rakursi kuma ba ya aiki a kansu. A Faransa an ƙirƙiri Emmabuntüs musamman domin farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci. Ga ɗakin koyon kwamfuta na makaranta, ko na'urar da aikinta burauza ne kawai, ban ga abin da ya fi wannan ba. Ga mai shago kuwa ba zan ba da shawarar gaggawa ba. Katin biki da Photoshop ko CorelDRAW ake tsara shi, takardar Word mai jadawali takan ɗan goce in an buɗe ta a LibreOffice, kuma in abu ya lalace, wanda zai gyara yana nesa. Sai an fara samar da masu gyara kafin a sauya manhaja, wannan kuwa aikin cibiyoyin koyon sana'a ne da jami'ar Maraɗi.

Harshe ma yana cikin maganar. A Maris 2025 sabon kundin da aka kafa a Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Windows 7 da 8 da 10 suna da fuskar Hausa da ake iya ɗorawa, akwai kuma tsarin madannai na Hausa, amma an gina su ne a kan daidaitacciyar Hausar Najeriya, wadda ke rubuta baƙin farko na kalmar ƴaƴa da alamar ɗauri a gaban y, alhali ƙa'idar Nijar ta 1999 ƙugiya take sa masa. Duk fomatin yana share saitin da malami ya sha wahala ya yi domin ya sami ɓ da ɗ da ƙ, kuma ba kowane mai gyara ne ya san ana mayar da su ba. Idan da gaske ake ofisoshi su fara rubutu da Hausa, wannan saiti ya kamata ya shiga cikin abin da ake dubawa kafin a karɓi na'ura daga shago.

Wata guguwa tana tafe. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa na'urori kimanin miliyan 240 za su fita daga amfani a duniya saboda sharuɗɗan Windows 11. Wani kaso nasu zai biyo jiragen ruwa zuwa Lome da Legas, ya iso kasuwanninmu da araha mai jan hankali. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sai in ya san rariya ce. Gane ta ba shi da wuya: a duba lambar ƙwaƙwalwar. A i5-6300U, shidan da ke bayan ɗan layin ita ce zuriya, ba ta kai ba. A i5-8250U takwas ce, ta kai. Ta shidan ba abin yarwa ba ce, amma farashinta da aikin da za a ba ta ya kamata su bi matsayinta.

Ga shugabannin ofisoshi a Tasawa da Mayahi, roƙona shi ne kada na'urar hukuma ta tafi shagon gyara sai an kwafe takardunta wuri biyu, an buɗe kwafin an tabbatar yana karantuwa, kuma asusun da za a ɗaura mata ya zama na ofis, a rubuta shi a ajiye tare da mabuɗin gaggawa. A ware na'urar da ke shiga intanet a bar mata gyare-gyaren tsaro, ko da za a kashe mata mega kowane wata. Ku kuma masu gyara, ku faɗa wa mai na'ura zubin da za ku ɗora da dalilinsa kafin ku soka kile. Ƙarin wa'adin da aka ba masu Windows 10 na gida iyakarsa ranar 13 ga Oktoba 2026.